Gabut: makahon albashi ya koma zaman gundura

Wata kalma ta matasan Indunusiya ta tsaya mini a rai: gabut. Yaro zai ɗauki hoton ƙafafunsa a miƙe kan katifa, ya rubuta "lagi gabut", wato ga ni nan ba abin yi, gundura ta ishe ni.

Asalinta kalmomi biyu ne aka datse aka liƙa: gaji buta. Kar kunnen Bahaushe ya ruɗe ka, ba gajiya ake nufi ba, ba kuma butar alwala ba. A harshensu gaji albashi ne, buta kuma makaho. Tsohuwar maganar ita ce "makan gaji buta", cin makahon albashi. Ma'aikacin nan ne da zai sa hannu a rajista da safe, ya sha shayi, ya juya jarida har la'asar, ƙarshen wata ya karɓi kuɗinsa cif. Ni dai yadda na fahimta, albashin ne makaho, don ba ya ganin wanda ya yi gumi da wanda ya ci bulus.

Datse magana kuwa sana'arsu ce. Sunayen biranen Jakarta da Bogor da Depok da Tangerang da Bekasi sun dunƙule su sun zama Jabodetabek. Haka mager, daga malas gerak, ƙyuyar motsi. Sai dai mai mager aiki na gabansa, jikinsa ne ya ƙi. Mai gabut ko ya tashi ba inda za shi.

Nan ne abin ya ɗan sosa mini rai. Da can kalmar gabut zargi ce mai kaifi, yatsa ake nuna wa wanda ke cin kuɗin da bai yi wa aiki ba. Yau ɗalibin da ke hutu da wanda ya gama jami'a yana jiran kira su ne suka fi furta ta, kuma da kansu suke. Albashin ya ɓace daga cikin ma'anar, saura zaman kawai.

Mu ma muna cewa zaman kashe wando, kuma ka lura, matashin majalisar bakin titi muke jifa da ita. Ban taɓa jin an faɗa wa mai ofis da fanka a kansa ba, alhali kujerarsa ta fi benci cin wando.