Wandon da ya tsallake ɗa ya faɗa wa uba

Azumin 2024 a tsakiyar bazara ya faɗo, wanda ya yi shi a Kano ba sai an ba shi labari ba. In rana ta take zafi ya haura digiri 40, ga wuta ba ta zama, yarana uku duk wuyansu da gadon bayansu ƙurajen zafi sun feso kamar an watsa gero. Na ɗora laifin a kan kayan kantin nan masu roba-roba da ba sa barin iska ta ratsa. Na ce daga yau sai auduga.

Na je wajen telan unguwarmu na tarar atamfofi da shaddoji sun kusa taɓo rufi. Ko ɗago kai bai yi ba. "Hajiya, sai bayan Sallah, shi ma ban yi alkawari ba." Nan zuciya ta ɗebe ni. A kan 'yar shara da gajeren wando za a ja min rai? Ni da na yi wata uku cur ina koyon ɗinki kafin aure? To, in don Allah ne, wata ukun nan a sa maɓalli da aiken sayo zare suka ƙare, amma ranar ban tuna da wannan ba.

Ina da keke Butterfly na ƙafa, cikin kayan ɗakina ya zo, shekara goma sha biyu ba shi da aiki sai ɗaukar kuloli. Na sauke su, na kakkaɓe ƙura, na ɗiga masa mai. Ƙoshiyar sai a cikin kayan wasan auta na tsinto ta. Washegari na shiga Kantin Kwari na sayi yadi shida na auduga, ruwan sararin samaniya, mai sanyin taɓawa. Mai shagon yana ninkewa ya ce, "Hajiya, ki jiƙa shi ya bushe kafin ki sa almakashi, auduga tana tsukewa a wankin farko." Na ce masa to, irin "to" ɗin da ake ce wa yaro in ya kawo shawara.

Tef ɗin awo ya ɓace tun ban san ranar ba, sai na yi dabara. Na ɗauko kayan Sallarsu na bara, na shimfiɗa a kan yadin, na zagaye da alli, na yanka. Har ina yaba wa kaina. Ban lissafa cewa babban, mai shekara goma sha ɗaya, ya shiga lokacin da yaro ke kwana ya tashi da sabon tsayi ba. Duk safiya ina ganinsa, ina zan lura?

Dare huɗu na yi bayan asham ina taka keke, haske na tocilan ɗin waya a bakina. Zare ya cukurkuɗe a ƙasa ya yi gida kamar sheƙar tsuntsu, na farke, na sake. Allura biyu na karya. Wandon farko kuwa da na ɗaga shi sai na ga siket, ashe na haɗe gefen da ya kamata ya zama ƙafafu biyu. Shi ma na farke ina istigfari, don da azumi a bakina da rana na gano.

Da na gama na wanke su, wai su yi ƙamshi. Na shanya. Kafin la'asar sun bushe ƙayau, sun kuma cika maganar mai shago.

Aka zo gwaji. Babban ya zura kai a wuyan riga, kai ya shiga, kunnuwa suka ƙi fita. Ya tsaya tsakar gida hannuwa a sama yana ihu ta cikin yadi, "Umma, numfashina!" Ni da ta tsakiyar muka kama muna ja kamar masu fiɗar akuya. Da ƙyar ya fito, ido jawur. Ita ta tsakiyar ta ɗauki rigar ta sa, ta zauna mata ɗas. Tata kuma ta yi wa auta daidai. Ta auta muka juya muka juya, ƙarshe 'yar tsanarta ta samu kayan Sallah.

Surukata Hajiya tana kan tabarma tana jan carbi, duk a gabanta aka yi. Ba ta yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ta ce, "'Yar nan, ɗinkin yaro ai da rabon baɗi ake yinsa. Mu da taƙi muke ƙarawa, a kalmashe ƙasan, in ya girma a warware."

Na riƙe wannan karatun da hannu biyu. Saura yadi biyu da 'yan kai, na jiƙa shi wannan karon, har kwana ya yi a ruwa. Na auna babban da igiya, na ƙara taƙi saboda girma. Na tuna tsukewa, na ƙara wani taƙin, na manta cewa yadin ya riga ya gama tsukewarsa. Sai na ce yaron nan fa ba a san inda zai tsaya ba, dangin ubansa dogaye ne, na ƙara na uku.

Ya sa wandon. Gajeren wando ne a niyyata, amma ya sauka har ƙwauri, ƙugun kuma sai da muka ja zariyar ta zagaye shi ta dawo. Ya yi taku biyu, iska ta shiga ta kumbura shi kamar buhu. Ya dube ni ya ce, "Umma, in na fita da wannan, ba zan ƙara zuwa Islamiyya ba."

Ana haka maigidan ya dawo daga kasuwa yana fifita da hula. Ya ɗaga wandon, ya murza yadin da yatsu, ya shige ɗaki bai ce komai ba. Can sai ga shi ya fito da shi a jikinsa, ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa yana jiran kiran sallah.

"Kai, amma kin iya ɗinki," in ji shi. "Yaushe kika auna ni?"

Na ce masa yana barci.

Har yau shi ne wandonsa na shan iska. Babban kuwa da singileti ya ƙarasa bazarar, sai mako biyu bayan Sallah na kai wa telan sabon yadi, na ajiye a hankali, ban bari mun haɗa ido ba.