Ƙyalli Suke Sayar Mana, Mu Kuwa Kauri Muka Biya

Sandar haidirolik ta hannun katafila aka dawo mini da ita, mai yana tsiyaya a jikinta, kurom ɗin da aka shafa mata, wato rufin ƙarfen nan mai ƙyalli, ya soma ɓamɓarewa daga wajen kai. Ɓawon da ya ɗago ya yanka robar da ke tare mai, silinda ta saki, hannun motar ya ƙi ɗaga komai. Ni na kwance silindar, ni na kai sandar kamfanin masu shafa wa ƙarfe kurom, ni na mayar da ita da hannuna. Mai motar bai san da wani kamfani ba, ni ya sani. A gaban yarana ya gaggaya mini maganganu, na kuma haɗiye, domin aikinsa ya tsaya, direbansa na zaune, wanda ya ba shi kwangila sai kiransa yake yi.

Na aro ma'aunin kauri na ɗora a kan sandar. A takardar oda na rubuta kurom mai tauri, mikron 30 bayan an goge. A tsakiyar sandar ma'auni ya nuna 8. Na matsa gaba, ya nuna 9. Gashin kan mutum ɗaya yana kai wajen mikron 70, to ku auna da kanku irin abin da aka shafa wa ƙarfen da zai yini yana shiga da fita cikin ƙura da yashi da nauyin ƙasa.

Na ɗauki sandar da takarda na nufi kamfanin. Na yi sallama a ƙofar ofishin manaja. Yana danna waya, bai ɗago ba, ya amsa a ciki-ciki. Na tsaya. Akwai kujera a gabansa, bai ce in zauna ba. Da ya ga dama ya ɗago, ya dube ni, ya dubi sandar da yarona ya ajiye a ƙasa, ya ce, "Mene ne kuma?"

Na ce, "Yallaɓai, aikin da kuka yi mini ne ya ɓare. Ga takardar oda, ga abin da na auna."

Na miƙa takardar. Hannuna ya daɗe a miƙe bai karɓa ba. Ya taso, ya sa ƙafa ya mirgina sandar, ya juyo da gefen da bai ɓare ba, ya ce, "Malam, ba ga shi yana ƙyalli ba? Kana ganin fuskarka a jiki. Me kake so kuma?"

Na ce masa ba madubi na kawo a yi mini ba. Kauri na nema, kuma a rubuce yake. Na roƙe shi a fito da ma'auninsu mu auna tare, in nawa ne ke ƙarya in ba shi haƙuri a gaban kowa. Sai ya ce ma'auninsu yana wajen gyara. Na ce tun yaushe? Ya ce wannan ba huruminka ba ne. Na ce to da me aka auna aikina kafin a ba ni? Ya yi wata 'yar dariya, ya waiwayi yaransa da suka taru a bakin ƙofa, ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Mun fi ka daɗewa a wannan aiki."

Ido! Idon wa ke ganin mikron? Mutumin da ke karɓar kayan injin da rayukan mutane ke rataye a kai, shi ne yake gaya mini da ido yake auna abin da bai kai rabin kaurin gashi ba, kuma yana faɗa yana taƙama.

Na danne zuciyata na nuna masa inda ya ɓare. Na ce ya duba ƙarƙashin ɓawon, ƙarfen ya yi duhu, alamar ba a wanke maiƙo da tsatsa yadda ya kamata ba kafin a tsoma. Ko kallo bai yi ba. Ya ce ƙasa ce ta ci. Na ce ƙasa karcewa take yi, ba ta ɗaga kurom ɓawo-ɓawo. Ya ce to direba ne bai iya aiki ba. Na ce direba bai shiga kwamin asid ɗinku ba. Ya ce to kai ne ba ka iya ɗaurawa ba. Laifi ya zagaya kan ƙasa, ya zagaya kan direba, ya sauka a kaina, bai ko leƙa ɗakin da aka yi aikin ba. Daga nan ya jawo littafin rasit, ya sa yatsa a kan wani ƙaramin rubutu a can ƙasa, ya karanta mini a hankali kamar ban iya karatu ba: kaya in sun fita ba a dawo da su. Ya rufe littafin ya ce, "In kana so a sake, ka sake biya. In aikinmu bai yi maka ba, ka kai Jamus." Yaransa suka fashe da dariya. Ya koma kan wayarsa, ya ce da ɗaya daga cikinsu, "Ku taya shi fitar da ƙarfensa, ya tare hanya."

Ka kai Jamus. Ya san sarai abin da ya sa ya faɗi haka. Ya san masu wannan aiki ba su da yawa, ya san ba ni da kwamin kurom a bayan shagona, ya san gobe ko jibi ni ko wani irina zai dawo ya tsaya a wannan ƙofa da hula a hannu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wani sirri a cikin wannan sana'a. Tun 1840 'yan gidan Elkington suka yi rajistar dabarar shafa ƙarfe da wutar lantarki a Birmingham ta Ingila. Komai a rubuce yake. Kurom na ado, irin na jikin famfo da bamba, bai kai mikron ɗaya ba, kuma a kan nikel ake ɗora shi. Kurom mai tauri na sandar haidirolik da sandunan inji wani abu ne daban: kai tsaye a kan ƙarfe yake zama, a hankali yake taruwa, wajen mikron 20 zuwa 30 a awa guda, a cikin ruwan asid mai zafin digiri 50 zuwa 60. Yana shan wuta, domin abin da ke zama kurom daga cikin wutar da aka sa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, mafi yawan saura iskar haidirojin yake fitarwa. Ga inda ha'incin yake. Duk mintin da aka rage a kwami, wuta ce aka rage, riba ce ta ƙaru, kuma mikron 8 da mikron 30 ƙyallinsu ɗaya a ido. Tauye mudu ne tsagwaronsa, sai dai wanda aka tauye wa ba ya gani sai inji ya tsaya.

Kuma ba yau aka fara ba. Shekara da shekaru muna shan wannan. Ka kai kaya a shafa musu tutiya don kada su yi tsatsa, damina ɗaya ba ta wuce ba sun yi ja. Ƙa'idar inganci ta ƙasa da ƙasa, ISO 2081, ta tsara kaurin tutiya daki-daki gwargwadon inda kayan za su zauna, na cikin ɗaki daban, na waje daban, amma ka tambayi wane mataki aka yi maka, sai a ce fari kake so ko ruwan ɗorawa. Launi kawai suka sani. Ka kai abu mai lungu da rami, a dawo maka da shi gefuna sun yi tudu, ramin kuwa tsirara, saboda wuta ta fi taruwa a kan tsini da kusurwa, kuma gyara wannan sai an zauna an tsara yadda za a rataye kayan. Akwai nikel da ake shafawa ba da wuta ba, wanda ke kwanciya daidai ko'ina har cikin rami, amma ba wanda zai ba ka wannan shawara. Ka kai bol da noti, a cika zaren har noti ya ƙi shiga. A ce ka zo ranar kaza, ka zo a ce ba a tsoma ba. A haɗa kayanka da na wani, ka ƙirga ka ga babu wasu, a rantse maka haka ka kawo.

Duk waɗannan asarar kuɗi ce. Akwai wadda ta fi su, ita ce ke hana ni barci. Ƙarfe mai ƙarfi sosai, irin bol mai lamba 10.9 ko 12.9 da sifirin, in an wanke shi da asid aka shafa shi da wuta, haidirojin yana shiga cikin naman ƙarfen. Ba ya nuna alama. Za ka ɗaure bol ɗin ya ɗauru lafiya, bayan awoyi ko kwanaki ya tsinke farat ɗaya, bai lanƙwasa ba, bai yi gargaɗi ba. Maganinsa sananne ne: a gasa kayan a tanderu a zafin da ya kai wajen digiri 200, na awoyi masu yawa, kuma a sa su cikin awa huɗu da fitowarsu daga kwami. Na taɓa tambayar wani mai wannan aiki ko yana gasawa, ya ce rana tana busar da su. Wannan mutum yana shafa bol ɗin da za a ɗaure injin ɗaga kaya da shi, mutane suna wucewa ta ƙarƙashi.

Kada wani ya ce ina zuzutawa. A watan Maris na 2013, a sabuwar gadar da ta haɗa San Faransisko da Oakland a Amurka, an ɗaure manyan sandunan ƙarfe 96 masu rufin tutiya, 32 daga cikinsu suka tsinke cikin 'yan kwanaki, kuma bincike ya nuna haidirojin ne. Can da injiniyoyi suka yi yawa, da ɗakunan gwaji, abin ya faru. Bambancin shi ne an yi bincike, an fito da rahoto kowa ya karanta, an yi gyaran wucin gadi kafin a buɗe gadar, daga baya aka kammala na dindindin. Mu kuwa in bol ya tsinke, sai a ce ƙarfen ne jabu, a share, a sake kai wani wurin mutumin nan.

Ina gwamnati a duk wannan? Ina hukumomin da aka kafa don kula da ingancin kaya? Gwajin tsatsa ba wani abin al'ajabi ba ne: akwati ne da ake fesa ruwan gishiri mai kashi 5 cikin 100 a zafin digiri 35, a ƙirga awoyin da kaya za su yi kafin su yi ja, ISO 9227 ta bayyana shi tsaf. Ma'aunin kauri kuwa a aljihu ake sa shi. Me ya hana a ce duk wanda zai buɗe irin wannan kamfani sai yana da su, kuma sai ya ba kowane abokin ciniki takardar da ke nuna kaurin da aka auna da awoyin da aka gasa? Jami'ai suna zuwa, muna ganinsu. Takardar lasisi suke dubawa, su sha ruwan sanyi a ofis, su fito suna dariya da manaja. Ba su taɓa ɗaukar bol ɗaya sun tafi da shi ɗakin gwaji ba, balle su zagaya baya su ga inda ruwan wankin ke bi.

Wannan ruwa kuwa guba ne. Sinadarin kurom da ake wannan aiki da shi yana cikin abubuwan da hukumar binciken cutar daji ta duniya ta tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta huhu. Tururinsa yana cin cikin hanci har ya huda shi, yana yi wa hannu gyambo. Wasu kwamin na tutiya da jan ƙarfe da azurfa sayanaid ne a ciki, guba mai kisa. Tarayyar Turai tun watan Satumba na 2017 ta hana amfani da wannan asid na kurom sai da izini na musamman. Ranar da na je, ta ƙofar ɗakin aiki na hango yaro a tsaye a kan kwami, ba abin rufe hanci, ba safar hannu, yatsunsa sun rine. Yana cikin waɗanda suka yi mini dariya, kuma wallahi tausayinsa ya fi haushinsa yawa a raina, domin maigidan da ya tauye mini mikron 22 shi ne ya hana shi fankar zuƙe tururi. Ruwan wanki mai launin ɗorawa da ke fita ta bayan katanga yana gangarawa kwata, daga kwata sai ƙasa, daga ƙasa sai rijiyar wanda bai taɓa jin sunan kurom ba.

Jama'a ma ba su fita ba. An zama mutanen ƙyalli. Ɗan kwangila yana neman wanda ya fi araha, ya san aikin ba zai yi ƙarko ba, lissafinsa shi ne ya miƙa aiki a biya shi kafin tsatsa ta fito. Jami'in sayen kaya a ma'aikata yana sa hannu a kan abin da bai auna ba saboda an gan shi. Mai gaskiyar da ya sayi tanderu, ya sayi ma'auni, yake tace ruwansa kafin ya zubar, dole kuɗinsa ya fi, sai a guje shi a ce ya cika tsada, har ya rufe ko shi ma ya koyi rage minti. Wanda ya tsaya ya ce a auna, shi ne mai fitina, shi za a nuna wa ƙofa.

Abin da nake kira a kai shi ne hukuma ta aiko mutanenta ba tare da sanarwa ba. Su ɗebi kaya daga cikin waɗanda aka gama, su auna a gaban mai kamfani, su nemi ganin tanderu da littafin da ake rubuta awoyin gashi, su ɗebi ruwan da ke fita ta baya a kwalba. Wanda aka samu yana shafa bol mai lamba 12.9 ba shi da tanderu, a garƙame wurin a ranar, a kuma buga sunansa inda duk mai gyaran inji zai gani.