Babur ɗin Bajamushe yana hutu, namu ba ya hutu

A nan Jamus akwai wata irin lambar babur da ke ɗauke da ƙananan alƙaluma biyu a gefen dama, ɗaya bisa ɗaya, misali 04 da 10. Wannan babur ɗin daga Afrilu zuwa Oktoba kawai aka yarda ya hau titi. Da Nuwamba ta kama, ko ajiye shi a bakin hanya laifi ne. Haraji da inshora ma na waɗannan watannin kaɗai mai shi yake biya.

Kafin a kulle shi a gareji sai an yi masa hidima. A wanke shi tas, a yi juye, a cika tanki don kada tsatsa ta kama cikinsa, a cire batir a kai shi inda sanyi ba zai kashe shi ba, a shafa wa sarƙa mai. Dalili kuwa ƙanƙara ce da gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ita, gishirin da ke cin ƙarfe ba sani ba sabo.

'Yan uwanmu da ke zuwa nan sukan ga haka su ce Bature ya san darajar rai, mu ba mu sani ba. Ni ban yarda ba. Yawancin masu babur a nan suna da mota, ga jirgin ƙasa, ga bas. Babur abin shan iska ne na ranar Lahadi. Wanda ke fita da Boxer ko Jincheng tun asuba a Funtuwa, ko ɗan kabu-kabu a Maraɗi, idan ya ajiye mashin wata biyar, me za a ɗora a murhu? Amma fa nan ne maganata take: abin da ba ya hutawa ya fi mai hutawa bukatar kulawa, mu kuwa sai ya tsaya cak muke tura shi wurin makanike.

Mu ma ai muna da lokutanmu, kowanne da irin ɓarnarsa. Da hunturu ƙura ke toshe matatar iska, inji ya riƙa shan mai yana rasa ƙarfi, idan kuma matatar ta yage, yashi ya shige ciki yana goge fistin. Ƙurar nan idan ta haɗu da man sarƙa sai ta zama abin da ke cinye haƙoran ƙarfen da sarƙa ke hawa kai da ita kanta sarƙar, don haka wankewa ake fara yi kafin a zuba sabon mai. Ga hazo. Doka ce a nan babur ya kunna fitila ko da rana tsaka, mu kuwa ka kunna sai masu kirki su yi ta yi maka alama da hannu ka kashe. Da bazara zafin kwalta da lodi su ke fasa taya. Damina ta fi kowanne haɗari, musamman ruwan farko, lokacin da baƙin mai da ƙurar da suka taru tsawon rani suke tasowa titi ya yi santsi. Ramuka sun ɓuya ƙarƙashin ruwa, birkin da ya jiƙe ba ya kamawa nan take. A Jamus zanen taya bai halatta ya gaza milimita 1.6 ba, kuma duk shekara biyu sai an kai babur gwaji. A gida taya sai ta suɗe har zare ya fito, mai faci yana ta lallaɓa ta.

Sai hular kwano. Tun 1976 aka wajabta ta a Jamus ta Yamma. A Najeriya hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta ranar 1 ga Janairu 2009, aka ga wasu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka, aka sha dariya, magana ta bi ruwa. Na san uzurin mutane, kuma ba duka ne na banza ba. Wanda bai taɓa tsayawa a rana a Sakkwato cikin Afrilu ba kada ya yi saurin zagi. Fasinja ma yana da gaskiya idan ya ƙyamaci hular da kawuna hamsin suka yi gumi a cikinta. To amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa hula mai kyau, da aka ɗaure igiyarta, tana rage raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. Akwai mai buɗaɗɗiyar fuska da iska ke ratsawa. Wadda ta taɓa dukan ƙasa da ƙarfi kuma ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba, abin da ya sa nake jin tsoron na gwanjo.

Ba na fatan a kwaso tsarin lasisin Jamus a kai mana. Tsadarsa kaɗai za ta kori talaka daga sana'a. Abin da za a iya tun yanzu yana hannun ƙungiyoyin 'yan acaɓa, tunda kullum suna karɓar kuɗin tikiti a tasha. Sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da kuma farkon hunturu, su zaunar da makanike ɗaya a bakin tasha ya duba birki, taya, fitila, madubi da sarƙa. Wanda mashin ɗinsa bai tsallake ba, a hana shi layi sai ya gyara.