Gireba ce ta zo Sikotilan ta sa riga

A jajibirin sabuwar shekara, wanda mutanen Sikotilan ke kira Hogmanay, maƙwabciyata a nan Gilasgo ta miƙo min faranti cike da wani biskit ɗinsu da ake kira shortbread. Ina gutsira na ce a raina, ai wannan gireba ce! Abin da muke cika bokiti da shi a garar amarya a Kano, shi ne nan ake jerawa a gwangwani mai ado, a sayar da tsada a filin jirgi.

Haɗin ba wuya. Kashi ɗaya sukari, biyu bota, uku fulawa, misali giram 100, 200 da 300. Babu ƙwai, babu yis, babu ruwa. Ki murtsuka da yatsu har ya haɗe, ki danne shi a faranti, ki sossoka da cokali mai yatsu, sai gashi a wuta kaɗan, digiri 150, kamar minti 40. Kada ki bari ya yi ja. Karon farko na yi ta murza shi kamar kwaɓin cincin, ya fito kamar katako, ko yara sun ƙi ci.

Inda suka fi mu, kuma dole in faɗa ko da za a ce na zama Baturiya, shi ne sun ƙi yarda a taɓa musu mai. Kamfanin Walkers, da aka kafa tun 1898, yana ƙauyen Aberlour, kuma shortbread ɗinsa na asali har yau fulawa ce, bota, sukari da gishiri. Mu kuwa girebar iyayenmu da man gyaɗa mai ƙamshi, wanda aka matse a gida wajen ƙuli, ake yin ta. Yanzu duk man da ya fi araha a kasuwa shi ake tuttulawa, sai ki ci ki ji harshenki ya yi nauyi, a ce wai gireba ba ta da daɗi.

Amma riɗin nan da muke barbaɗawa a kai, su ba su san daɗinsa ba. Da Sallah na sayo man shanun Indiyawa a shagon 'yan Pakistan, na kwaɓa gireba, na fitar da ita da ludayi yadda Inna ke yi, na zuba riɗi. Ƙamshin bai kai na man shanun Fulani ba, gaskiya. Maƙwabciyar tawa dai ta ci uku a tsaye, ta tafi da sauran a leda.