Ranar da na tsayar da layi a Nagoya

Watana huɗu da fara aiki a wani kamfanin haɗa kujerun mota a bayan garin Nagoya na ƙasar Japan abin ya faru. Aikin dare muke, wajen ƙarfe biyu, sai na lura noti ɗaya bai zauna daidai ba a ƙarƙashin kujerar da ke gabana. Sama da kawunanmu akwai wata igiya da ta bi tsawon layin, suna ce mata andon. Tun ranar farko an ce duk wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba ya ja ta. Na ja, gabana na dukan uku-uku. Wani ɗan kiɗa mai laushi ya tashi, fitila ruwan ɗorawa ta kama a allon da ke rataye, da lambar wurina a jiki. Shugaban rukuninmu, dattijo mai furfura, ya taho da sassarfa, ya durƙusa ya duba, ya gwada na'urar ɗaure notin. Layi ya tsaya cik, mutum fiye da ashirin suka saki hannu saboda ni, baƙon da ko gaisuwarsu bai gama iyawa ba. Da aka gyara, mutumin nan ya miƙe ya ɗan rusuna mini, ya ce ya gode.

Har na koma ɗaki rusunawar nan na raina.

Wannan "ɗan Japan ne" da muke faɗa a kasuwa don nuna abu na gaske ne, bayan yaƙin duniya na biyu kusan zagi ne, don kayansu a lokacin araha ne marasa ƙarko. A 1950 ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyin ƙasar ta gayyato wani Ba'amurke masanin ƙididdiga, Edwards Deming. Ya zaunar da manyan masu masana'antu ya ce musu tsintar lalatattun kaya bayan an gama ƙira asara ce, a riƙa auna aikin yana tafiya don a ga inda kuskure ke ɓullowa. Ya kuma ce yawancin kuskure daga tsarin da shugabanni suka shimfiɗa yake fitowa, a daina ɗora wa lebura. Suka riƙe maganar da hannu biyu. A 1951 suka kafa kyauta da sunansa, a 1954 wani masanin ingancin kaya daga Amurka, Joseph Juran, ya zo ya ɗora, a 1965 Toyota ta ci kyautar. Ita kuwa igiyar da na ja, tushenta saƙa ce: Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin motoci na Toyota, ya ƙera injin saƙa mai tsayar da kansa da zarar zare ya tsinke, Taiichi Ohno, injiniyan Toyota, ya shigo da dabarar cikin layin ƙera motoci.

Ilimin da Deming ya kai musu fa na Amurkawa ne, sun ma yi aiki da shi lokacin yaƙi. Amma da yaƙi ya ƙare duk abin da suka ƙera saye ake yi, sai suka yi sake. Tsadar mai ta 1973 ta buɗe wa ƙananan motocin Japan ƙofa, masu saye suka ga ba sa kwana a gareji. A 1980 Japan ta wuce Amurka a yawan ƙera motoci. A 1981 aka matsa mata ta taƙaita waɗanda take kaiwa Amurka zuwa miliyan 1.68 a shekara, kuma a shekarar ce Ford ta nemo Deming, yana tsoho ɗan shekara 80, ya koya musu abin da ya kai wa wasu shekara talatin baya.

Ba na cewa nan aljanna ce. Aiki na kashe mutane, kuma an sha kama manyan kamfanoninsu da ƙarya a takardun gwaji. Na kuma san abin da ya rufe masaƙun Kakuri da masana'antun Sharaɗa da Bompai, ba sai na gaya muku zancen wuta da fasa-ƙwauri ba. Amma dabarar igiyar nan ba ta bukatar lantarki. Wane yaron shago ne a gida zai ce wa maigida aikin nan da gyara, ya tsira daga "kai za ka koya mini?" Mun gwammace "a bar shi haka, ai zai tafi" da mu kunyata babba.

Wani abokin aiki ya taɓa tambayata, ba da raini ba, ko ana ƙera wani abu a ƙasarmu. Abin ya sosa mini rai. Baba baduku ne. Na sha ganin ya warware ɗinkin kube gaba ɗaya saboda layi ɗaya da ya karkace, mai kaya na tsaye yana cewa shi bai ga komai ba. Bai taɓa jin sunan Deming ba. Amma na tuna ranar da na hango fata ta tattare a takalmin da yake ɗinkawa, ina ɗan shekara goma sha biyu, na yi shiru don ba a gyara wa uba. Sai da magariba ya gani da kansa, ya sa na riƙe masa fitila, ya sake aikin tun daga farko. Shekara uku ke nan rabona da zauren Baba.