Hankakan Nevada da wanda ya buɗe masa ƙofa

Idan aka taɓo zancen hankaka a nan yammacin Amurka, yawancin masu kiwon shanu da maharba bakinsu ɗaya ne: a rage shi, don yana cinye ƙwan wata kazar daji. Ni da nake zaune a jihar Nevada, na kuma tashi ina ganin namu hankakin a bakin kwata, gani nake an kama ɓarawo an kyale wanda ya buɗe masa ƙofa.

Dajin nan ba irin namu ba ne. Sai ka yi tafiyar awa guda a mota ba ka ga bishiyar da za ka sha inuwarta ba, sai wani ɗan itace mai tokar ganye, da kyar yake kai ƙugun mutum, ɗan uwan tazargade ne, in ka murza ganyen ma ƙamshin ya yi kama. Haka ya malale daga Nevada zuwa Idaho, Oregon, Utah da Wyoming. A cikinsa wata kazar daji take rayuwa, da sanyi kusan ganyensa kaɗai take ci. A ƙasa take yin sheƙa, a gindin itacen, ta kwanta kan ƙwai kusan mako huɗu. Ba ta da wata dabara sai ɓuya. Rahoton hukumar binciken ƙasa ta Amurka na 2021 ya nuna yawanta ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari daga 1965.

Hankakan nan kuwa baƙi ne wuluk, ba farin ƙirji, ya kuma fi namu girma. Da can, rashin bishiya ne ya taka masa birki, sai a jikin duwatsu yake samun wurin sheƙa. Mutum ne ya zo ya kafa masa turakun lantarki a jere har iya ganin ido. Kowane turke gida ne, kuma hasumiyar leƙe ce: ya zauna can sama yana kallon inda kazar ta shiga da inda ta fito, ta ɗan tashi neman abinci ya sauka ya kwashe ƙwai. Ruwa? Ga kwamin shayar da shanu a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Abinci? Ga bolar garuruwa, ga mushen saniya da aka yar, ga zomayen da mota ke takewa kowane dare a titi. Da sassafe za ka gan su biyu-biyu a kan kwalta suna yagar nama, sai mota ta zo dab su yi ɗan tsalle gefe, ta wuce su dawo. Hunturun da ada yake rage su, yanzu da ƙibarsu suke fita daga cikinsa.

Sai kuma wata baƙuwar ciyawa da ta shigo daga Turai da Asiya tun ƙarshen ƙarni na 19. Tana bushewa da wuri, wuta ta kama, itacen ya ƙone, kuma kafin ya dawo sai an yi shekaru gommai. Inda duhuwa ta yi ƙaranci, ko makahon hankaka zai ga sheƙa.

Maganin da aka fi so shi ne guba. Doka ta kare hankaka, don haka sai da izinin gwamnatin tarayya ake zuba guba a dafaffen ƙwan kaza a ajiye masa. Ban ce ba ya aiki ba. A wurin da kazar ta kusa ƙarewa, yana iya ba ta sararin damina guda. Amma turken yana nan, bolar tana nan, baɗi wasu sun maye gurbi.

A gida labarin ya juye. Tsuntsun da ya dogara da sharar mu, ungulu, shi ne ya ɓace daga kasuwanni da kwata, har a 2015 aka sa shi cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma cinikin sassan jikinsa don tsibbu na cikin abin da ya ci shi. Fakara da zabin daji su ma a ƙasa suke ƙwai, sun kuma yi wuyar gani a wurare da dama, amma ban taɓa jin wani dattijo ya ɗora wa hankaka laifi ba. Kowa ya san gatari ne, da garma, da ƙunar daji, da bindiga. Ta wannan fuskar mun fi Amurkawa gaskiya. Su kuma sun fi mu ƙidaya, tun 1966 suke fita duk shekara suna lissafa tsuntsayensu, shi ya sa ba mai musun cewa hankaka ya ninka.

Abin da ya rage sun san shi sarai: a binne mushe, a rufe bola, a gyara kan turaku yadda sheƙa ba za ta zauna ba, a daina ratsa wayar lantarki ta filayen da kazar ke taruwa lokacin barbara. Sai dai waɗannan kuɗin kamfanin wuta da na mai garke za su ci, dafaffen ƙwai kuwa arha gare shi.