Wayoyin Kyamara Na Farko: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk sanda wani ya tono hoton da aka ɗauka da waya shekara ashirin da suka wuce ya saka a intanet, magana ɗaya ce ke biyo baya: dubi wannan hazo, wai da wannan muke taƙama a da. Sai a yi ta dariya. Ni ma nakan dara, don wasu hotunan sai an rantse maka kafin ka yarda mutum ne a tsaye ba inuwar bishiya ba. Amma jama'a, ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Waɗannan kyamarori an auna su ne daidai da hanyar da hoton zai bi, kuma hanyar ce ta yi matsi.

Ku dubi yadda abin ya faro. A shekarar 1999 kamfanin Kyocera ya fitar da VP-210 a Japan, kyamararta na kallon mai wayar, tana da fiksel 110,000 (fiksel su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto), tana ajiye hoto 20. A shekarar 2000 Samsung ya fito da SCH-V200 a Koriya ta Kudu mai fiksel 350,000, wato ta ninka waccan fiye da sau uku. Sai dai hoton da ka ɗauka da ita yana nan a kulle, sai ka nemi kebul ka jona da kwamfuta kafin ka fitar da shi. A watan Nuwamban wannan shekarar kuma Sharp ya kawo J-SH04 a layin J-Phone, ita ma fiksel 110,000 kacal, allonta launi 256 yake nunawa. A takarda Samsung ce ta yi gaba. Amma wadda ta sauya ɗabi'ar mutane ita ce ta Sharp, saboda da ita kana ɗauka kana turawa ta imel, ba tare da ka tashi daga inda kake zaune ba. Abin da ya fi burge ni da ita ma ɗan madubi ne da suka manna a gefen idon kyamarar, don mai son ɗaukar kansa ya ga fuskarsa. Ashe tun ranar farko sun san halinmu.

Bari mu yi ɗan lissafi, don a nan maganar take. Kafin zuwan GPRS, tsarin data da ya ƙara wa layin waya gudu, wayar GSM tana jan bayanai ne a gudun kilobit 9.6 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kilobait ɗaya da 'yan kai. Hoton da ake kira VGA faɗinsa 640 ne tsayinsa 480, in ka ninka ka samu fiksel 307,200, shi ne abin da ake rubutawa megafiksel 0.3 a jikin kwali. In an matse irin wannan hoto yakan tsaya wajen kilobait 40, wanda zai ci maka fiye da rabin minti a wancan layin, in sabis bai yanke ba kenan. To ɗauki hoton wayar yau mai megabait 3 ka ɗora a kan wannan layin: sama da minti arba'in kana riƙe da waya kana kallon allo, kuma ana cajinka kuɗi minti-minti kamar kana kira. Wane injiniya mai hankali zai saka wa irin wannan waya babbar kyamara? Daidai ruwa daidai tsaki suka yi.

Ma'ajiyar ma haka take. Nokia 7650 ta shekarar 2002, wadda ita ce wayar Nokia ta farko mai kyamara a jiki, ma'ajiyarta ba ta wuce megabait 4 ba, kuma babu ramin saka kati. Allonta 176 a 208 ne, launi 4,096. Sony Ericsson T610 ta 2003 kuwa megabait 2 gare ta, kyamararta 352 a 288, allo 128 a 160. Wato hoto guda na wayar da ke hannunka yanzu ba zai shiga cikinta ba ko da ka goge komai. Kuma ku lura, allon ya fi hoton ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A kan wannan ɗan allon hoton yana fita tsaf, muninsa bai bayyana ba sai da muka fara buɗe shi a kwamfuta, inda ba don nan aka yi shi ba.

Yanzu ga jakin da ya kamata a daka. Wanda bai yi zamanin WAP ba, wato tsarin shiga intanet da waya na wancan lokacin, ba zai gane irin haƙurin da aka yi ba. Nokia da Ericsson da Motorola da Unwired Planet ne suka haɗu a 1997 suka kafa tsarin, sannan Nokia 7110 ta shigo da shi kasuwa a 1999. An tallata wa mutane cewa ga intanet a aljihu. Da ka buɗe sai ka tarar rubutu ne layi huɗu ko biyar, baƙi da fari, domin wayar ba ta karanta shafukan intanet na gaskiya. Sai mai shafi ya sake rubuta shi da wani yare daban da ake kira WML, ya yanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki bai fi bait 1,400 ba in ana so ya buɗu a 7110. Masu shafuka kaɗan ne suka ɗauki wannan wahalar. Ga rubuta adireshi da maɓallan lamba: harafin “s” kaɗai sai ka danna bakwai sau huɗu, kuskure ɗaya ka koma baya. Na taɓa ɓata lokaci mai tsawo ina neman sakamakon wasa ɗaya, shafin ya tsaya a rabi, na fita na duba kuɗin wayata na ga an kwashe. Sakamakon dai ban gan shi ba sai a bakin wani.

Mutane da yawa sukan ce laifin rashin gudu ne. Ban yarda ba, kuma hujjata Japan ce. Kamfanin layi na NTT DoCoMo ya buɗe nasa tsarin intanet na waya mai suna i-mode a watan Fabrairun 1999 da gudun kilobit 9.6 ɗin nan dai, ba ƙari ko ɗaya. Bambancin shi ne ana cajin mutum ne a kan yawan bayanan da ya ja, ba a kan mintocin da ya ɓata yana karatu ba, don haka ba ka karatu zuciyarka na dukan uku-uku. Shafukan kuma da wani taƙaitaccen HTML ake rubuta su, yaren da masu shafuka suka riga suka iya. Sannan kamfanin kashi 9 cikin ɗari kawai yake cira daga kuɗin da masu shafuka ke karɓa, sauran nasu ne, shi ya sa suka yi ta tururuwa. Cikin 'yan shekaru masu amfani da shi suka kai miliyoyi gommai. Gudu ɗaya, zamani ɗaya, amma can abin ya kama, a Turai kuwa mutane suka riƙa yi wa WAP ba'a. Matsalar tana ofisoshin kamfanonin layi, waɗanda suka so su katange mutum a ɗan shingensu su sayar masa da sautin kira da hoton allo.

Zuwan GPRS ya sassauta, gudun ya kai wajen kilobit 30 zuwa 40 a aikace, aka koma caji da data. MMS, wato saƙon da ke ɗaukar hoto, ta zo a 2002, da iyakarta ta girman saƙo, da saitin da sai ka yi ta fama kafin ya hau. Sau nawa aka tura maka hoto sai ka ga saƙon rubutu cewa ka je wani shafi ka duba? Da yawa mun haƙura mun koma tura wa juna ta infirared, waya biyu a kwance suna fuskantar juna, kowa ya riƙe numfashi kada wani ya taɓa teburin.

A ganina wanda ya buɗe wa ƙananan wayoyi ƙofa da gaske shi ne Opera Mini, manhajar buɗe shafukan intanet da aka fara gwadawa a Nowe a 2005 aka sake shi ga duniya a farkon 2006. Dabararsa mai sauƙi ce: wayarka ba ita ke buɗe shafin ba, manyan kwamfutocin kamfanin ne ke ɗauko shi su matse su gyara masa zama sannan su miƙo maka ɗan abin da ya rage. Duk wayar da ke ɗaukar manhajar Java sai ga ta tana shiga shafukan da a da sai kwamfuta. Kyamarar ba ta sauya ba, maɓallan ba su sauya ba, amma wayar ta zama wata aba daban.

Ba na cewa kyamarorin ba su da aibi. Idonsu a kafe yake ba ya daidaita nesa da kusa, yawancinsu ba fitila, da rana ta faɗi aikinsu ya ƙare, abin da suke kira zum kuma yanke hoto ne kawai a kumbura shi. Duk da haka, ranar 7 ga Yulin 2005 da aka kai hare-hare a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan, hotunan da duniya ta gani daga cikin ramin irin waɗannan wayoyin ne suka ɗauke su, a hannun fasinjoji, masu duhu da hazo, kuma gidajen labarai suka yi amfani da su a haka, don babu wata kyamara a wurin sai su.

Daga baya aka shiga tseren lamba. Nokia 7610 ta kawo megafiksel 1 a 2004, Sony Ericsson K750i ta kawo 2 da ido mai daidaita kansa a 2005, Nokia N95 ta kai 5 a 2007 da gilashin Carl Zeiss. A wannan shekarar ce iPhone ta farko ta fito da megafiksel 2, ba ta ɗaukar bidiyo, ba ta da 3G, ko MMS ba ta turawa, kuma da aka kawo MMS a manhajar iPhone a 2009 ita ta farkon ba ta samu ba. In kwali za a bi, N95 ta yi mata fintinkau. Amma duk wanda ya riƙe iPhone a lokacin, abin da yake fara nuna maka shi ne shafin jarida cikakke a kan allo, ya sa yatsu biyu ya buɗa shi ya tsuke, ya sake buɗawa. Ban tuna wanda ya tsaya tambayar megafiksel nawa ce ba.